Kuɗinsu Ne, Amma Ba a Shawara da Su: Tsofaffin Malamai da Hukumomin Fansho

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar ofishin fansho ranar tantancewa ya ga abin da zan faɗa. Tun kafin rana ta fito dattawa ke taruwa, kowa rungume da fayil ɗin da ya sha jiki: takardar ɗaukar aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar ritaya, da hoton da aka ɗauka tun gashi yana baƙi. Da yawansu malaman firamare ne, domin malamai ne suka fi yawa cikin masu cin albashi daga kason ƙananan hukumomi. Abin da ya kawo su guda ɗaya ne, wato su tabbatar wa hukuma cewa har yanzu suna raye.

Ba laifi ba ne a tantance, tunda 'yan fanshon bogi sun daɗe suna cinye haƙƙin na gaskiya. Abin lura shi ne tantancewar gefe ɗaya take bi. Hukuma tana da ikon ta ce wa tsohon malami ya kawo shaida, amma shi ba shi da ƙofar da zai bi ya ce wa hukuma ta kawo tata. Nawa aka cire daga albashin malamai a watan jiya? Nawa ne ya isa asusu? Wanda ya isa, ina aka zuba shi, kuma wa ya amince? Shi ya sa koken tsofaffin malamai ya fara sauya salo. A da iyakarsa a biya su. Yanzu sun ƙara da tambayar wa ke zaune a teburin da ake yanke hukunci kan kuɗinsu, kuma wa ke duba hannun mazauna teburin.

Yadda aka kasa tsarin

Kafin 2004 fanshon ma'aikacin gwamnati a Najeriya alkawari ne da ake biya daga kasafin kuɗin kowace shekara. Babu wani asusu da aka tara tun yana aiki, don haka duk shekarar da aljihun gwamnati ya yi rauni, 'yan fansho ne ke fara ji a jikinsu. Dokar garambawul ta 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, ta kawo tsarin karo-karo: ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba daidai da haka, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai ɗaukar aiki. An raba aikin gida uku da gangan. Kamfani ɗaya ke juya kuɗin, wani daban ke ajiye su, sannan Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta sa ido kan duka biyun. Zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ta taru a wannan tsari ta haura naira tiriliyan 22, kuma fiye da rabinta bashi ne aka bai wa Gwamnatin Tarayya ta hanyar takardun lamuni.

Sai dai wannan tsari bai hau kan jihohi kai tsaye ba. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata dokar. Wasu sun bi sawun tarayya, wasu sun tsaya kan tsohon tsari, wasu kuma sun ɗauki hanya ta tsakiya. Jigawa tun 2001, Kano kuma tun 2006, sun zaɓi a riƙa karo-karo amma a tara kuɗin a tukunya ɗaya, a biya wanda ya yi ritaya bisa albashinsa da shekarun aikinsa. A irin wannan tsari nauyin amana kusan duka yana wuyan hukumar da ke riƙe da tukunyar. Idan ta yi sakaci, babu wani asusu mai sunanka da za ka je ka duba.

Malamin firamare kuwa shi ne ya fi kowa faɗawa tsakanin hannuwa da yawa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke kula da aikinsa. Albashinsa daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, kason da ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ranar da ya ajiye alli, a jihohi da dama fayil ɗinsa sai ya koma wata hukuma ta daban mai kula da fanshon ma'aikatan ƙananan hukumomi. Idan garatutinsa ya maƙale, ƙaramar hukuma ta ce jiha ce ta riƙe kuɗi, jiha ta ce ai ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, hukumar fansho ta ce ba a turo mata komai ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa tambayar nauyi, domin dole a fayyace wa zai cire kuɗin fanshon malamai, wa kuma za a kama idan bai tura ba.

Wa ke zaune a teburin?

A takarda, dokar 2014 ta yi abin a yaba. Ta ware kujeru a hukumar gudanarwar PenCom ga Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC, da TUC, da Ƙungiyar 'Yan Fansho ta Ƙasa, da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata, a gefen wakilan Babban Banki da Ma'aikatar Kuɗi da sauransu. Amma kujera tana da amfani ne idan hukumar tana zama. An sha yin tsawon lokaci ba a kafa wannan hukumar gudanarwa ba, har a watan Agustan 2025 NLC ta bai wa Gwamnatin Tarayya wa'adin kwana bakwai kan wannan batu da wasu makamantansa. Idan haka ta faru a Abuja, inda idon 'yan jarida yake, sai a ƙiyasta abin da ke faruwa a hukumar da babu mai leƙa ta.

A jihohi, fasalin da aka fi gani shi ne gwamna ya naɗa shugaba, manyan jami'an gwamnati su cika yawancin kujeru, a bar 'yan kaɗan ga ƙungiyoyin ƙwadago. Nan ne tushen matsalar yake. Babban mai bin bashi a harkar fansho shi ne asusu, babban wanda ake bi kuwa gwamnati ce. Aikin farko na hukumar shi ne ta matsa wa gwamnati ta zuba kasonta, ta kuma miƙa abin da ta cire daga albashi. To yaya wanda gwamna ya naɗa, kuma zai iya sauke shi gobe, zai tsaya ƙyam ya ce wa gwamna ya biya bashi? Mutum na iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma an ɗora shi a kujerar da gaskiyar za ta iya raba shi da abincinsa.

Matsala ta biyu ba a cika faɗarta a fili ba, saboda kunya tsakanin 'yan uwa. Ana ɗauka cewa idan Ƙungiyar Malamai ta NUT tana da kujera, to an wakilci tsohon malami. NUT ƙungiya ce mai tarihi, tun 1931 take, kuma ta yi wa malamai gwagwarmaya mai yawa. Amma masu zaɓen shugabanninta da biyan kuɗin ƙungiya malamai ne da ke bakin aiki, kuma buƙatunsu ba kullum suke tafiya tare da na wanda ya bar aiki ba. Idan gwamnati ta ce kuɗin da ke hannunta ba zai isa a yi ƙarin girma a kuma rage bashin garatuti ba, shugaban ƙungiya ya san waɗanda za su tuhume shi a taro na gaba. Mai aiki yana da makamin yajin aiki. Wanda ya yi ritaya ba shi da ajin da zai rufe, iyakarsa zanga-zanga da addu'a. Ko dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 na aiki, nasara ce ga masu aiki, ba ta ƙara wa wanda ya riga ya fita ko kwabo ba.

Ita ma kujerar Ƙungiyar 'Yan Fansho ba ta rufe ɓarakar ba, domin mutum ɗaya ne yake ɗauke da koken kowa, daga tsohon babban sakatare zuwa tsohon masinja. Malamin da ya ƙare aikinsa a ƙauye, wanda matsalarsa ta faro daga fayil ɗin da ya ɓata a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, da wuya labarinsa ya iso teburin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da rashin murya ke jawowa

Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa a cikinsu. Sashe na 173 ya faɗi haka game da na tarayya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Duk da haka, a jihohi da dama ƙarin fansho ko dai ya makara da shekaru ko kuma bai zo ba sam, har ana samun waɗanda abin da suke karɓa a wata bai kai kuɗin maganin hawan jini ba. Haƙƙi ne rubutacce a babbar dokar ƙasa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tashi a kowane zama ya tuna da shi, kuma wanda ke rayuwa da wannan fanshon ne kaɗai ba zai manta ba.

Ɓangaren sa ido kuwa tarihinsa a Najeriya ya isa wa'azi. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran fansho na tarayya, shi ne Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shekara takwas a Nuwamban 2021 kan halatta kuɗin haram da suka haura naira biliyan 2. A badaƙalar fanshon 'yan sanda, hukuncin farko da aka yanke wa John Yakubu Yusuf a 2013 ya ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara shida da tarar biliyoyi. Waɗannan ba kuɗin malamai ba ne, amma kowane tsohon malami ya ji labarin a rediyo, ya kuma gane cewa kuɗin fansho kuɗi ne mai sauƙin ci, saboda masu shi tsofaffi ne kuma a warwatse suke.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kano. An zuba biliyoyin naira daga asusun 'yan fansho a ginin rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Wasu ma'aikata da 'yan fansho suka kai ƙorafi gaban EFCC, aka shafe shekaru ana ja-in-ja, sai a 2024 EFCC ta miƙa wa amintattun asusun gidaje 324 bayan hukuncin kotu. Kowane ɓangaren siyasa yana da nasa bayanin kan wanda ya yi laifi, kuma ba wannan ne zancenmu ba. Darasin shi ne asusun fansho yana buƙatar tsabar kuɗi kowane wata, kuma gida ba ya zama kuɗi sai an sami mai saye. Tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko, wato ko wannan jari ya dace da asusun da tsofaffi ke jira, an yi ta ne a ofishin masu bincike bayan shekaru. A 2023 gwamnatin jihar ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti da haƙƙin magada na kimanin naira biliyan 48, ta kuma fara rage shi kashi-kashi. Bashi irin wannan ba ya taruwa a dare ɗaya. Wata-wata yake hawa, a gaban hukumar da ke da littattafan lissafi.

Jigawa, wadda jihohi da dama suka je koyon tsarinta, ta nuna cewa tukunya ɗaya na iya aiki. Abin da aka fi yaba mata a kai ba wata dabara ce mai wuya ba: a cire kuɗi, a tura su asusu a kan kari, a bar ƙwararru su juya su. Ita ma Gwamnatin Tarayya, da tsarinta mai katanga uku, sai da ta amince a 2025 da karɓo bashin naira biliyan 758 don biyan haƙƙoƙin fansho da suka taru. Kyawun doka bai hana mai biya ya ƙi biya ba.

Wani madubi daga Amurka

Wannan rigima ba ta ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba ce. A jihar Ohayo ta Amurka, a 2024 asusun fanshon malamai yana riƙe da kimanin dala biliyan 90 na mutum kusan rabin miliyan. A lokacin, hukumarsa mai mutum 11 tana da kujeru bakwai na zaɓe, biyar na malamai masu aiki, biyu na waɗanda suka yi ritaya. A 2017 hukumar ta dakatar da ƙarin da ake yi wa fansho kowace shekara don rage raɗaɗin tsadar rayuwa, alhali ma'aikatan da ke juya jarin suna ci gaba da karɓar tukuicin miliyoyin daloli. Tsofaffin malamai suka yi karo-karo, suka ɗauko mai bincike na kansu a 2021, sannan suka yi amfani da ƙuri'arsu har masu neman sauyi suka sami rinjaye a hukumar a 2024.

Labarin bai ƙare da daɗi ba. A shekarar ce babban lauyan jihar ya maka biyu daga cikin mambobin a kotu, yana zarginsu da ƙoƙarin karkatar da dukiyar asusun zuwa wani ƙaramin kamfani maras gogewa, zargin da suka musanta. A 2025 'yan majalisar jihar suka yi dokar rage kujerun zaɓe daga bakwai zuwa uku, ƙungiyoyin malamai suka garzaya kotu. Abu biyu ke nan a fili. Ƙuri'a ta bai wa tsofaffin malamai ƙarfin da takwarorinsu na nan ba su da shi. Kuma zaɓaɓɓen wakili shi ma mutum ne, yana buƙatar a sa masa ido kamar kowa.

Hujjar masu ja

Masu adawa da ƙara wa 'yan fansho kujeru suna da maganar da ya kamata a saurara. Suna cewa juya biliyoyin naira aikin ƙwararru ne, tsohon hedimasta bai san kasuwar hannun jari ba. Suna cewa wanda ya yi ritaya zai so a raba abin da ke asusu yau, a bar matashin da ya fara aiki bara da tukunya ba komai. Suna kuma nuni da yadda wasu shugabannin ƙungiyoyi kan yi laushi da zarar sun fara karɓar alawus ɗin zama.

Kowace cikin ukun tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta kai a rufe ƙofa. Ba a ce wakili ya zama mai juya jari ba. Aikinsa ya yi tambaya, ya ƙi sa hannu sai an ba shi amsa, kuma mutumin da ya shafe shekara talatin yana duba rajista da lissafin kuɗin makaranta ya san bambanci tsakanin abin da aka ce an turo da abin da ya iso. Tsoron a cinye rabon matasa maganinsa a ba kowane ɓangare kujerarsa, a kuma ɗaure kowa da lissafin masanin da ke auna abin da asusu zai buƙata nan da shekara ashirin ko talatin. Laushin wakili kuwa daga hanyar da ya hau kujera yake farawa. Wanda aka naɗa yana kallon fuskar wanda ya naɗa shi, wanda aka zaɓa yana tunanin ranar da zai koma gaban jama'arsa.

Abin da ya kamata majalisun jihohi su duba

Gyaran yana hannun majalisun dokokin jihohi, tunda su suka yi dokokin. Na farko, a ware wa malamai masu ritaya kujerarsu ta kansu, daban da ta NUT, su zaɓi mai hawanta da hannunsu, a ba shi wa'adin da ba za a katse ba sai da dalilin da doka ta ambata. Na biyu, a wajabta wa hukuma ta riƙa bayyana, duk wata uku, abin da aka cire daga albashi, abin da ya shigo, da sunan duk ma'aikata ko ƙaramar hukumar da ta riƙe nata. A liƙa a allon ofis, a karanta a rediyo da Hausa. Na uku, jerin masu jiran garatuti ya zama a buɗe, bisa ranar da kowa ya yi ritaya, domin layin da ba a gani shi ne ke haifar da neman alfarma da na goro. Na huɗu, rahoton mai binciken kuɗi ya fita kowace shekara, kwamitin majalisa ya zauna a kansa a bainar jama'a, a kuma haramta wa asusu bai wa gwamnatin jiharsa rance ko shiga aikinta sai da sharuɗɗa masu tsauri.

Kafin a kai ga haka, akwai makamin da ke hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Tsofaffin malamai masu ilimi ne, sun iya rubuta wasiƙa, suna kuma da ɗalibai a cikin lauyoyi, akantoci da 'yan jarida.

Magana ta ƙarshe ga malamin da har yanzu yake aji. Kuɗin fanshon da ake cirewa daga albashinka kowane wata yana tafiya ne hannun wannan hukuma da ba ka san sunan mambobinta ba. Dattijon da ka gani a layin tantancewa shi ma ya taɓa ɗauka cewa ritaya tana da nisa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka tambayi shugabannin reshenku wa ke wakiltarku a hukumar fansho, yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma ina rahoton binciken kuɗi na bara.